Wata Uku Sun Cika, Yaron Nan

Assalamu alaikum warahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan magana ta same ka da ranka, a duk garin da kake. Ina gajiya? Yaya hanya, yaya rana? Mutanen gida duk suna gaishe ka. Baffanka ma yana gaishe ka, ko da yake ya ce kada a ce ya ce.

Ni ce nake faɗa da bakina. Ƙanwarka Auta ce take dannawa a waya, Malama ta bayan gidanmu kuma tana zaune a gefe, in Auta ta kasa ta karɓa. Ni ka sani, ko sunana aka rubuta a ƙasa takawa zan yi in wuce. Na ce musu yadda ta fito haka za su sa ta, kada wadda ta gyara mini magana. Malama ta ce mijinta zai tura ta inda direbobi suke haɗuwa a cikin waya, wannan ya miƙa wa wancan har ta iso ka. Ban gane yadda ake yi ba, amma na yarda, tunda layinka kullum wata mata ce take ɗauka tana cewa a kashe yake. Na ce wa Auta ta tambayi matar ko ta san inda kake, suka yi mini dariya. Ita kaɗai ce dariyar da aka yi a gidan nan tun tafiyarka.

Ba za ka ji sunanka a ciki ba, kai ma ka san dalili. Kai ne na fari. Tun ranar da aka raɗa maka shi bai taɓa bi ta bakina ba, "yaron nan" nake cewa har ga shi furfura ta fara fito maka a gemu. Amma za ka gane kanka. Direba ne kai, mutumin Dandamisa, mai ɗaukar barkono da masara da rake zuwa Kudu, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Auta ta ce, "Inna, ai wannan tonon asiri ne." Na ce wane asiri ya rage, bayan matan unguwa sun daina aikowa aron turmi a gidanmu?

Maganata ɗaya ce. 'Yarka Ummi, takwarata, tana ƙarewa a hannunmu. Uwarta tana tsoron nonon jikinta. Abin da zai cire mata wannan tsoron kuwa yana cikin jijiyar hannunka, ka tafi da shi.

Bari in gaya maka yadda muka ga abin daga nan, don kai naka ɓangaren kawai ka sani.

Ka tuna shekarun da kuka yi da matarka ko ɓatan wata babu. 'Yar Kogi, kamar yadda kake tsokanarta. Ba saiwar da ba ta sha ba, ba malamin da ba a je wurinsa ba. Da Allah ya kawo rabo, bayan suna iyayenta suka ɗauke ta zuwa Kurmin Kogi wankan jego, yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Kai kuma ka zama kamar wanda aka kwashe wa kayan ɗaki. Ka shiga, ka fita, ka zauna a zaure, ka tashi. Sai ka ƙara yawan lodi, ko hutawa ba ka yi tsakanin tafiya da tafiya.

A satin Maulidi ka dawo daga wata tafiyar ka ƙi cin tuwo. Auta da take zuwa kullum daga gidan mijinta ta taya ni aiki, ita ta kai maka, ta dawo da shi yadda yake. Washegari ma haka. Sai ranar kasuwar Makarfi ka dawo da yamma fuskarka kamar an wanke ta, da ƙosai cike da faranti har da alewa, ka tsaya a ƙofar gida kana rabon sadaka. Kana ta cewa, "Ku ci ku yi mini addu'a, Allah ya rufa mini asiri." Ina leƙe ta jikin zana ina jin daɗi. Na ɗauka godiyar haihuwa ce.

Da gari ya waye ka tura Baffanka Kurmin Kogi da goro, a dawo maka da matarka. Cikarta arba'in kenan. Uwarta ta so ta ƙara riƙe ta ta murmure sosai, ta ce wa Baffanka, "Wannan ɗan naku wuta ce ta kama masa riga? Tuwon ne ba ya samu, ko ruwan wanka?" Baffanka ya dawo yana maimaitawa yana riƙe ciki. Aka kawo ta da gararta, man shanu da daddawa da gero, jikinta duk ƙamshin turaren wuta, yarinya ta yi ɓul-ɓul kamar an hura ta. Ni na karɓi Ummi a ƙofa. Na ce mata, "Ke mai ƙwace mini suna, an dawo?" Ta kama mini yatsa ta ƙi saki.

Wata guda da 'yan kwanaki muka yi cikin wannan daɗin. Sai zazzaɓi ya kwantar da kai, maƙogwaro ya kumbura, matarka ta ce ƙuraje sun feso maka a ƙirji. Na dafa ganyen darbejiya da lemun tsami na ba Auta ta miƙa. Zazzaɓin ya sauka, ya dawo. Matarka ce ta matsa sai ka je asibiti a Makarfi.

Ranar da ka dawo daga asibitin bayan la'asar ne. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina ɓarar gyaɗa, Auta tana gefena. Na ji ka shiga ɗakinku. Can sai ga ƙafafunka a gabana. Ƙafafun na gani, da silifas ɗin nan naka mai ɗinki, don ban taɓa ɗaga ido na dube ka a gaban mutane ba. Ka durƙusa. Ka daɗe a durƙushe. Sannan ka ce wa Auta, yadda muka saba, "A gaya wa Inna zan yi tafiya." Na ce wa Auta, "A ce masa Allah ya kiyaye hanya." Ba ka tashi ba. Ka ce, "A ce mata ta yafe mini." Na ce, "A ce masa me ya yi mini? Ya je, Allah ya yi albarka." Ina jin fitar numfashinka. Na ci gaba da aikina. Ka tashi ka fita, ko jaka ba ka ɗauka ba. Daga baya Auta ta ce mini hawaye ne har cikin gemunka. Ita ta gani. Ni gyaɗa na gani.

Matarka ta daina fitowa sai in za ta kewaya. Da abin ya ishe ni na shiga na same ta. Ta ajiye Ummi a can ƙarshen gado tana tsala kuka, ita kuma ta naɗe ƙirjinta da ɗankwali tamau, rigarta ta jiƙe sharkaf da nono. Nan ta gaya mini duk abin da ka gaya mata.

Ga Auta nan ta ajiye wayar, ta ce ba za ta iya rubuta wannan a kan yayanta ba. Malama ta karɓa. Ni ma ba don dole ba, da na gwammace a yanke mini harshe.

Ka ce mata a wani gari da kuke yada zango akwai wata mai sayar da abinci. Sau ɗaya ne, ka rantse mata, kuma ba ka sa abin kariya ba. Da safe wani abokin tuƙinka ya ja ka gefe ya ce, "Kai, wa ya aike ka? Ba ka san abin da ya kashe mijinta ba?" Ƙanjamau. To, na faɗa. Ban taɓa zaton kalmar nan za ta shigo gidan mahaifinka ba. Ka ce ka tuƙo motar nan har gida ba ka san yadda ka iso ba. Ranar kasuwa ka shiga wani kemis ta ƙofar baya, mai shagon ya soke ka a yatsa, ya ɗiga jinin a wani ɗan abu, ya duba ya ce, "Fes kake, direba, je ka ka ci tuwonka." Ko sati ba a yi da faruwar abin ba. Shi ne ƙosan sadaka. Shi ne goron Kurmin Kogi.

Da zazzaɓin ya kai ka asibiti ma'aikacin ya tambaye ka, ka gaya masa gaskiya har da zuwanka kemis. Ya ce wancan gwajin ba a bakin komai yake ba, an yi shi da wuri, sai an sake. Ya tambaye ka ko kana da iyali. Ka ce e, da mai goyo. Ya juya zai ɗauko allura, ka ce bari ka kama ruwa ka dawo. Har yau yana jiranka.

Na so in yi fushi, yaron nan. Na nemi fushin ban same shi ba, tsoro ya riga shi zama.

Muka ɗauki Ummi, ni da matarka da Malama, muka hau mota zuwa Makarfi. Ni da ban taɓa shiga asibiti ba sai dubiya. Muka samu wata malamar asibiti doguwa, Hausarta da ɗan karkacewa irin ta mutanen kudancin Kaduna, amma ba ta ɗaga mana murya ba. Ta ja labule ta zaunar da mu. Aka soki matarka. Muka jira, ina jan carbi ina ɓata lissafi. Ta ce ba a ga komai ba. Na zame daga benci zan kai goshina ƙasa, ta riƙe ni ta ce, "Mama, tsaya tukuna."

Ta ce, "Mama, kina noma?" Na ce da me na tsufa? Ta ce, "In kin shuka masara yau, gobe kika je gona, me za ki gani?" Na ce ƙasa. Ta ce, "To sai ki ce ba a yi shuka ba?" Wai haka cutar nan take. In ta shiga jiki tana yin makonni a ɓoye, abin gwajin ba ya ganinta. Ta wani ta nuna da wuri, ta wani ta jima. Irin gwajin da suke da shi, ba sa sakin jiki da shi sai an cika wata uku daga saduwa ta ƙarshe. Abin da ya fi tsinka mini zuciya, ta ce a waɗannan makonnin na farko, lokacin da gwaji yake cewa fes, a lokacin ne ta fi saurin tsallakawa zuwa ga wani, in har ta shiga ɗin.

Wato lokacin da muke guɗa a ƙofar gida.

Sannan ta gaya mana wani abu da na so a ce ban ji ba. Wai akwai ƙwaya. In mutum ya je asibiti cikin kwana uku da faruwar abin, a ba shi ya sha har wata guda, tana tare cutar kafin ta zauna. Kwana uku! Tun ranar nake bin hanyar nan a zuciyata. Daga inda kuke zango zuwa nan, asibiti nawa ka wuce? Kana tuƙi kana kuka, suna wucewa ta tagar motarka ɗaya bayan ɗaya. Ko ranar da ka fara mayar mana da tuwo, wataƙila ƙofar ba ta gama rufewa ba. Ba wanda ya sani a cikinmu. Abokin naka da ya iya cewa wa ya aike ka, bai iya cewa tashi mu je asibiti ba.

Amma ka saurara, don ba baƙin labari kaɗai ta ba mu ba. Ta ce ba kowace saduwa ce take kamawa ba, sau ɗaya ɗin nan mutane da yawa suna tsira. Ta ce ba ma wanda ya tabbatar matar can tana da ita, zancen tasha ne, in ma tana da ita tana shan maganinta yadda ya kamata, da wuya ta ba wani. Ta ce zazzaɓinka zai iya zama na sauro, ƙarshen damina ne, rabin gari a kwance yake. Ba a gane ta da ido ko da ƙuraje, sai da jini. In ma ita ce, ta ce akwai waɗanda suke karɓar magani a hannunta shekara da shekaru, suna nomansu, suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, in ka gan su a kasuwa ba za ka ce ga su ba. Ba a ɗaukarta a kwano, ko a buta, ko a gaisawa. Wannan na so a ce matan unguwarmu suna wurin.

Na tambaye ta nonon fa? Ta ce ba za ta yi mana ƙarya ba, tana bi ta nono in uwa tana da ita. Amma ba a ga komai a jinin uwar ba zuwa yanzu, kuma a ƙauye irin namu yunwa da gudawa sun fi saurin ɗauke jariri. Ta ce a ci gaba da ba ta nono zalla, a riƙa kawo uwar suna dubawa. Sannan ta ce, "Mafi sauƙi ku kawo mini mijin. Wa'adinsa zai riga nata cika. In ya cika aka ga ba komai, magana ta ƙare, daga shi har ita har yarinyar."

Matarka ta ce to. A cikin mota ma ta ce to.

Ka san ta, ba mai musu ba ce. Takan ɗauki yarinyar ta zauna ta buɗe, Ummi ta kama, sai ka ga ta fizge. Ta ce mini, "Inna, ji nake kamar guba nake ɗura mata. Shekara nawa ina roƙonta a wurin Allah, in zo in kashe ta da kaina?" Na lallashe ta, na yi faɗa, Malama ta yi mata nasiha, uwarta ta zo daga Kurmin Kogi ta yi iya yinta ta koma tana sharar ido. In na tsaya a kanta ta ba ta kaɗan. In na juya baya sai kamu, da madarar shanu da take saya wurin matan Fulani, tana ɗura mata da cokali. Ita kanta ba ta cin abinci. Nonon da yake jiƙa riga, yanzu sai an matsa.

Gudawa ta kama Ummi, ta tsaya, ta sake dawowa. A ta biyun sai da aka yi mata ƙarin ruwa, aka rasa jijiya a hannu aka soka a kai. Ni na riƙe ta. Malamar asibitin ta yi mana faɗa sosai ranar, ta ce wannan haɗa nono da kamu da muke yi ya fi kowanne muni. Matarka ta ce to.

Auta tana goyo, ka sani. Ta ce a kawo ta haɗa su biyu ta shayar. A da haka ake yi, ba sai an roƙa ba. Yini ɗaya ta ba ta, Ummi ta sha har ta yi gyatsa ta yi barci. Zance ya kai gidan mijinta, aka aiko cewa in ta sake kada ta koma musu da ɗansu. Ban ga laifinsu ba. Tsoro ne, irin wanda nake ji.

Yarinyar da ka bari ɓul-ɓul, da za ka gan ta yanzu. Maɗigarta ta faɗa. Ɗan warwaron da ka sayo mata a Kudu, wanda muka ce ya matse ta, yanzu har gwiwar hannu yake zamewa.

Ni ban iya lissafin kwanan boko ba, da wata nake ƙirgawa. Abin ya faru satin Maulidi. Na ga tsayuwar wata sau uku tun daga nan, ga na ukun ya raba tsakiya. Na sa Malama ta duba, na kuma sa an tambayi malamar asibiti, ta ce e, naka ya cika. Na matarka sai ƙarshen watan azumin tsofaffi, don daga ranar da ka bar ɗakinta ake ƙirga nata. Ita za ta kai, in Allah ya so. Ummi ce ban ga alamar za ta kai ba.

Ban ce lallai ka dawo ba. In idon mutanen Dandamisa ne ba ka iya haɗawa da shi, zauna inda kake. Amma duk garin da kake akwai asibiti. Ka shiga asibiti na sosai, ba kemis ba, ka gaya musu gaskiyar lokacin, ka miƙa hannu, ka zauna har a gama. Kada ka ce za ka kama ruwa. Sannan ka kira wayar Auta. Matarka ta ce daga bakinka kawai za ta yarda, sai ka miƙa wa ma'aikacin shi ma ya gaya mata. In lafiya ce, a ranar za ta buɗe ƙirjinta, in akwai sauran abin da ya rage. In kuma ba lafiya ba ce, to mun san abin da yake gabanmu, malamar asibitin ta ce akwai abin da za su fara yi wa uwar da yarinyar nan take, kai ma a ɗora ka a kan magani. Ko wanne ne za mu iya ɗauka. Wannan shirun ne ba za mu iya ba.

Na san abin da kake gudu. Gani kake in ba a faɗa ba, bai tabbata ba. Tun kana ƙarami haka kake, in ka ji ciwo sai ka cusa wurin a cikin riga. Ranar da ka ƙone, ana dafa mazarƙwaila a gonar raken mahaifinka, ko kaciya ba a yi maka ba, ka miƙa hannu za ka lakato, tafasasshen ya zubo maka. Ba ka yi ihu ba. Bayan tulin ɓawon rake ka je ka tsuguna. Ni na fara ganinka. Ƙafata ta ɗaga za ta ruga, sai na tuna surukata tana wurin da sauran matan gida, na tsaya na ce, "Wani ya duba yaron can." Kakarka ce ta ɗauke ka. Haka aka koya mana, haka uwata ta yi wa yayana. Kana goye a bayan kakarka kana waiwayena. Da aka watse na je na tsaya a bayan ɗakinta, ina jin tana hura maka hannu.

Ko shayar da kai sai na shiga ƙurya na juya baya. Amma a ƙuryar nan, da ba kowa, ina kallonka. Ina shafa kanka, ina wasa da yatsunka. Kana da wani abu da kake yi, in ka ƙoshi sai ka saki ka yi murmushi ido a rufe, nono yana gangarowa ta gefen baki. Ummi ma haka take yi. Take yi a da.

Ina gaya maka ne don kada ka zauna a can kana cewa ba mai nemanka. Baffanka yana faɗa a zaure wai ka zubar da mutuncin gida, amma ranar kasuwa shi ne yake bin motocin rake ɗaya-ɗaya da sandarsa yana tambayar direbobi. Matarka ba ta taɓa zaginka ba ko sau ɗaya, rigunanka ma ta wanke ta ninke. Abin da ka yi tsakaninka da Ubangijinka ne, shi kuma mai karɓar tuba ne. Ni ba alƙali ba ce.

Abin da yake cina shi ne, ban san ko da mai rai nake magana ba. Duk sanda aka ce mota ta faɗi a hanyar Kudu sai in ce ko kai ne. An ce an ga mai kama da kai yana dako a wata tasha. An ce a'a, a garin Kudan aka gan ka cikin masu yankan rake. Baffanka ya hau babur ya je, wani ne daban. Wani lokacin sai in ce gara a kawo mini gawa in san na yi rashi, sai kuma in yi istigfari. Ga motoci suna ta wucewa da lodi, kowacce na ji ƙararta sai na kasa kunne ko za ta rage gudu. Ba ta ragewa.

Malama ta ce maganar ta yi tsawo, direbobi ba za su kai ƙarshe ba. To wanda Allah ya sa ya kai, in yana tare da kai, don Allah don Annabi ya karanta maka. Kada ya yi maka dariya, kada ya yi maka wa'azi. Ya kama hannunka ya raka ka.

Saura abu ɗaya, ko Auta ba ta sani ba sai yanzu. Yau da hantsi uwar ta tafi ɗebo ruwa, Ummi tana ta wannan kukan nata da ya koma kamar na ɗan kyanwa. Na jijjiga, na goya, na sauke. Na rasa abin yi. Sai na sa mata nawa. Wannan busasshen, da rabonsa da ruwa tun yayen Auta. Ta kama da ƙarfi, yaron nan, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ja, ta ja, ta ja. Sannan ta saki ta dube ni. Ba ta yi kuka ba. Tun lokacin ba ta sake yin kuka ba. Ga ta nan a cinyata idonta biyu, Malama ta ce da mun gama wannan mu nemi motar Makarfi.

Allah ya kai maganar nan kunnenka. In kana raye, Allah ya ƙarfafa maka zuciya ka miƙa hannunka, ya sa jinin ya fito lafiya, in kuma an rubuta jarrabawa ya ba mu ikon ɗaukarta tare. In ka riga mu, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa wani ya zo ya gaya mana. Allah da ya ba ku yarinyar nan bayan kun fid da rai, kada ya karɓe ta da yunwa a gidan da rumbunsa yake cike da hatsi. Na yafe maka duniya da lahira.

Ni ce Inna, daga Dandamisa.

Malama, rufe haka. Auta, miƙo mini zanen goyo.